Tsiron da Aka Binne a Ƙarƙashin Rumbu

Wata yarinya cikin masu koyon aikin jinya ta ce da ni kwanakin baya wai aikin leƙa hanji ai na'ura ce ke yin sa, mutum tsayawa kawai yake yi yana kallon talabijin. Cikin ladabi ta faɗa, har da rusunawa, shi ya sa ban tanka mata ba a lokacin. Amma maganar ta tsaya mini a rai. Tunda kuwa na bar aiki ba ni da abin yi sai kiwon tumaki biyu da neman wanda zan yi wa gyara, bari in gaya muku yadda abin yake, ku da kuke ganin sauƙinsa.

Sunana Garba. Shekara talatin da 'yan kai na yi a ɗakin tiyata, mafi yawansu a wani ƙaramin asibiti a Ƙaura Namoda. Ni ba likita ba ne, ban kuma taɓa amsa sunan ba, ko da yake a wurin mutanenmu duk wanda ya sa farar riga likita ne, har mai shara. Aikina in dafa kayan aiki, in shirya majinyaci, in riƙe fitila, in miƙa abin da za a nema kafin a nema, sannan in kula da abin da aka ciro daga jikin mutum. Wannan na ƙarshen shi ne kowa ya raina, kuma a kansa na samu sunan da ya bi ni har yau, Garba Mai Kwalba.

Abin leƙa hanjinmu na wancan zamani bututun ƙarfe ne, bai kai kamu ɗaya ba, ba ya lanƙwasa, ba ya kuma jin roƙo. Akwai ɗan ƙwan fitila a bakinsa, da wata roba da ake matsawa da hannu a hura iska don hanji ya buɗe. Likita da idonsa yake leƙawa, fuskarsa dab da inda kuka sani, kuma abin da zai biyo bayan iskar nan shi ma a fuskarsa yake ƙarewa. Idan ya ga abin cirewa sai in miƙa masa wata siririyar waya mai zarge a baki, ya zarga, in taka wuta, wayar ta yanke ta ƙona wurin a lokaci guda don kada jini ya ɓalle. In na taka da wuri a ƙona inda ba a so, in na makara jini ya rufe ido. Da numfashin likita nake gane lokacin, ba ya ma buɗe baki.

Abin da muke cirewa muna kiransa tsiro. Ɗan nama ne da ke fitowa cikin hanji, da kai da wuya, kamar ɗan aduwa a jikin reshe. Mutanenmu kuwa duk jinin da ya biyo bayan gida basir ne. Mutum zai shekara uku yana shan jiƙo da sassaƙe, ya zaga Zurmi, ya zaga Shinkafi, har ya tsallaka iyaka wurin wani mai magani da aka ba shi labari, sai ya fara ganin jiri sannan a kawo mana shi. Yawancin tsiron nan ba su da wata illa, an cire an gama. Amma akwai waɗanda ciwon daji ya riga ya fara a kansu. To a nan aikin yake, don cirewar ba ita ce ƙarshen magana ba. Tambayar ita ce: an fitar da cutar duka, ko an bar saura a jiki?

Ido ba ya ba da wannan amsa. Sai an aika naman can Zariya wurin likitan gwajin nama, ya yanka shi siriri, ya duba a madubin ƙara girma. Abin da muke jira daga gare shi kaɗan ne. Cutar a kai ta tsaya, ko ta gangaro wuya? Ta kai bakin inda waya ta yanke, ko akwai lafiyayyen nama tsakani? Ta kutsa cikin ƙananan jijiyoyi? Ƙwayoyinta suna nan da kamar na hanji, ko sun rikiɗe? In amsoshin sun yi kyau, haɗarin da ya rage ƙarami ne, sai a bar mutum da hanjinsa a riƙa dubawa lokaci lokaci. In ɗaya ta ɓaci, sai babban aiki, a yanke wani sashe na hanjin. Idan kuma tsiron a ƙasa yake, kusa da mafita, babban aikin nan yakan ƙare da rufe hanyar gaba ɗaya, a huda ciki a manna jakar da bayan gida zai riƙa zuba a ciki, mutum ya zauna da ita har mutuwa.

Wanda ya koya mini aiki wani tsoho ne, Baba Nomau, Allah ya jiƙansa. Gajere ne, mai faɗa, bai iya karanta takardar likita da sauri ba amma hannunsa ya fi na likitoci da yawa. Ranar farko da na ga an ciro tsiro, na kai hannu zan jefa shi cikin kwalbar ruwan famalin, ruwan nan mai yaji a ido da ke hana nama ruɓewa. Sai na ji almakashi a bayan hannuna. Ya ce in tsaya in duba. Ina kallo wuyan tsiron ya fara janyewa yana shigewa cikin kai kamar kunkuru. Ya ce in ya kwana cikin ruwan nan ya sandare, mutumin Zariya ba zai san ina ne gindi ina ne kai ba, kuma duk amsar da muke jira a gindin take. Sai ya ɗauki allura da baƙin zaren ɗinki, ya soka daidai bakin yankan, ya yi wani ƙulli nasa mai hawa uku, sannan ya sa a kwalba.

Wata huɗu na yi ina koyon ƙullin nan. Kullum da safe sai in biya mahauta in karɓo guntun hanjin akuya, mahautan suna yi mini dariya wai ma'aikacin asibiti ya koma cin kayan ciki tun da sassafe. In na ƙulla Baba Nomau ya ja da yatsa biyu. In ya kwance, in sake. In ya yaga naman, in sake. Bai taɓa cewa na iya ba. Wata rana dai ya ja, ya sake ja, ya ajiye ya tafi shan furarsa, daga nan na san na wuce.

Akwai wani mai fataucin shanu daga Shinkafi da ba na mantawa, tun ina sabo. Tsironsa ya fito gutsure uku saboda ya motsa lokacin da waya ta kama, babu gindin da za a ɗaura wa zare. Takarda ta dawo daga Zariya cewa akwai cutar, amma ba za a iya faɗin inda ta tsaya ba. Likitan lokacin ba shi da zaɓi, ya tura shi babban aiki. Da aka yanke hanjin aka bincika, ba a sami ko ɗigon cutar a ciki ba. Mutumin ya rayu, na sha ganinsa a kasuwa ranar Alhamis da babbar riga yana dafe da gefen cikinsa. Bai taɓa yi mana ƙorafi ba, har goro yake ba ni. Amma ni na san jakar nan rashin sani ne ya manna masa ita, kuma duk sanda na karɓi goron nan kunya nake ji.

Shekarar da ta fi ba mu wuya ita ce wadda aka yanke mana jiha daga Sakkwato. Tun kafin damina sanƙarau ya shigo, muka ajiye duk wani aiki, har baranda majinyata ne. Da aka yi sabuwar jiha, gari ya cika da murna, ni ma na yi, amma ma'aikata suka fara watsewa, wannan ya koma garinsu, wancan ya tafi Gusau neman babbar kujera. Likitanmu ya tafi. Baba Nomau ya ajiye aiki, idonsa ya yi rauni. Ƙwan fitilar bututun ya ƙone babu na canji, famalin ya ƙare, har kwalabe sai da na koma wanke na man shafawa ina dafawa. Kusan shekara bututun nan yana naɗe cikin tsumma. Duk Juma'a nakan fito da shi in goge in shafa masa mai, abokan aiki suna tsokanata wai ina yi wa gawa kwalliya. Da Likita Haliru ya zo, matashi ne ɗan Zurmi da ya karanto aikin tiyata, abin da ya fara tambaya shi ne ko akwai abin leƙa hanji. Na kwance tsumma na ajiye masa a tebur yana ƙyalli. Tun daga ranar muka shirya da shi.

Yanzu sai in gaya muku wata al'ada tamu, don ba za ku gane kuskurena ba sai da ita. A ƙasarmu abin da ya fita daga jikin mutum ba a yar da shi. Mabiyiya binne ta ake yi, yatsan da aka yanke binne shi ake yi, tsofaffi ko farce, da muke cewa ƙumba, da gashi ba sa bari a ƙasa. Mu ma a asibiti mun saba, in an yanke ƙafa mukan naɗe ta mu miƙa wa dangi. Sannan mutanenmu ba sa yarda an yi aiki sai sun ga abin da aka ciro da idonsu. Saboda haka bayan kowane aiki nakan fita da kwano ko kwalba in nuna wa dangi, su yi salati, su yi godiya, in koma da abina. Da aka ƙaddamar da shari'a abin ya ƙaru. Kowa ya zama mai tambayar hukunci, mata suka ce sai mace za ta riƙe su, har muka koya wa wata ma'aikaciya riƙon bututu, dangi kuma suka ƙara sa ido kan inda naman ɗan'uwansu zai ƙare.

Cikin damina ta shekarar ne aka kawo Liman Shehu. Limamin wani ƙauye ne gaba da Gurbin Bore, dattijo siriri mai sanyin magana, daga gidan malamai. Jini ya daɗe yana karya masa alwala, abin da ya kawo shi ke nan, ba ciwo ba. Yayarsa ce ta rako shi, Gwaggo Hajo, wadda ta goye shi tun mahaifiyarsu ta rasu, kuma har lokacin kallon yaro take yi masa duk da farin gemunsa. Likita ya leƙa, ya ga tsiro a ƙasa sosai, bai fi tsawon yatsa daga mafita ba. Ya zarga, na taka, ya fito ɗungurungum da wuyansa, abin sha'awa. Amma kan ya yi tauri, yana da gyambo a tsakiya. Likita ya dube ni, na dube shi. Na soka zare na yi ƙullina, na sa a kwalba, na rubuta suna.

Na fita na nuna wa Gwaggo Hajo. Ta karɓa ta ɗaga sama tana dubawa, ta ce ashe ɗan wannan abin ne ya hana ɗan'uwanta sakat. Daidai nan aka ƙwala mini kira, an kawo wata mai naƙuda da za a yi wa aiki nan take. Na ce wa Gwaggo ta ajiye kwalbar a kan taga ina zuwa. Ban ce mata Zariya za a kai ba, ban ce mata komai ba. Abin da na sani tun shekara goma sha wani abu, na ɗauka kowa ya sani. Aikin mai naƙudar ya ja mu har la'asar, daga nan wani ya biyo, kwalba ta fita daga kaina. Washegari da hantsi aka sallami Liman, aka ce ya dawo bayan kwana uku a duba wurin.

Ranar da direban da ke kai mana saƙo Zariya ya zo, na jera kwalabe na ga babu ta Liman. Na duba taga, na duba ƙarƙashin gado, na zazzage kwandon shara da hannuna. A ranar Liman ya dawo shi kaɗai, na tambaye shi. Ya ce ai Yaya ta tafi da ita gida, ta yi mata sutura yadda ya kamata, ya ma yi mini godiya da na ba su ba tare da sun roƙa ba.

Ban taɓa jin tsoro a wurin aiki irin na ranar ba. Na shiga na gaya wa Likita Haliru da bakina, ban jira ya ji a wani wuri ba. Bai yi mini faɗa ba, da ya yi ma da na fi jin daɗi. Ya kira Liman ya zaunar da shi ya yi masa bayani dalla-dalla: abin da ya gani a kan tsiron bai kwanta masa ba, kuma tunda babu naman da za a gwada, dole ya ɗauka mafi muni, ya tura shi babban aiki. Ya gaya masa maganar jaka, bai ɓoye ba.

Liman ya saurare shi har ƙarshe. Can ya ce, “Likita, sallata ni kaɗai ta inganta ko da jakar ga, wannan na sani. Amma mai wagga lalura shi shiga gaban masu lahiya, karhanci na. Shekara ashirin da bakwai ina jan sahu. In kun sa min ita, kun tuɓe ni. Ni dai a bar ni haka, abin da Allah yay yi shi na daidai.”

Likita ya yi ta lallashi, ya ce in cutar ta rage a jiki aka bar ta, nan da 'yan shekaru ba jaka ba, ko limancin babu. Liman ya yi murmushi ya ce ya ji. Na san irin murmushin nan, na mutumin da ya gama yanke shawara ne. Hanya biyu ke nan gabansa, ya rasa limanci ko ya saka ransa a caca, kuma ni na toshe ta ukun da sakacina. Sai na tambaye shi ko da kwalbar aka binne. Ya ce bai sani ba, aikin Yaya ne. Na lissafa a raina: naman ya kwana ya wuni cikin famalin kafin su isa gida, ya riga ya sandare. Na ce da Likita ya ba ni gobe. Ya ce ko an samo ba lallai a iya karanta shi ba. Na ce na sani.

Da safe muka shiga mota ni da Liman zuwa Zurmi, da sabuwar kwalbar famalin a aljihuna na naɗe ta cikin hula. Daga nan muka hau kabu-kabu. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, gero ya kai kafaɗa, hanya duk laka. A wani rafi sai da muka sauka aka ɗauki baburan a ka, dattijon da aka yi wa aiki kwana biyar ya naɗe wando ya shiga ruwa, ni ina bayansa ina ta ba shi haƙuri. Ya ce in bar ba shi haƙuri in adana shi, zan buƙace shi a wurin Yaya.

Gaskiya ya faɗa. Mun tarar da ita tana tankaɗe a tsakar gida. Ta tarbe ni da fura, ta yi ta sa mini albarka, har na faɗi abin da ya kawo ni. Sai ta ajiye rariya. Ta ce abin da aka binne an binne, su a gidansu ba a tonon mutum, kuma a wannan zamani da kowa ke maganar shari'a, a ji gidan liman an tone sutura, da wane ido za su dubi gari? Na yi bayanin kai da wuya da gindi, na yi na Zariya, na yi na jaka. Ta saurare ni tsaf ta ce, “Ɗan'uwana na. Ko ƙumbatai ba ni bari bisa ƙasa, balle in ba ka namanai ka kai ma waɗanda ban san ba su yi ta yanka.”

Ban ga laifinta ba. Abin da ta yi shi ne abin da uwata za ta yi. Na dubi Liman. Shi kuwa yana zaune a kan turmi yana jan carbi kamar ba da shi ake ba. Sai da ta gama ya ɗago.

“Yaya, naman wa na?”

“Naka na mana.”

“To mai shi na raye, kuma shina biɗar abinai. Wanda yam mutu ba a tada shi, wannan gaskiyarki. Ni ban mutu ba. In an ce ɗan naman ga na iya hana a yanke sauran, to haƙƙin sauran ya hi ƙarhi. In gari ya tambaya, ni ka ba su amsa.”

Ta dube shi. Sannan ta juyo kaina ta ce da sharaɗi: in sun gama dubawa in dawo mata da shi, ta mayar inda ta ɗauko. Na ce na yi alkawari. Ban san yadda zan cika ba, amma na yi.

A ƙarƙashin rumbu ta binne shi, inda ruwan sama ba ya kaiwa. Liman ya hana ni taɓa fartanya, ya durƙusa ya tona da kansa. Sai ga murfin kwalba. Ashe ta zubar da ruwan ne saboda ya sa ta hawaye, ta wanke naman, ta naɗe shi cikin ƙyallen farin alawayyo, sannan ta mayar cikin kwalbar ta rufe, wai don kada gara ta ci ɗan'uwanta. Na buɗe, warin famalin ya doki hancina, ban taɓa jin daɗin warin nan ba sai ranar. Ƙyallen da sauran danshi. Na warware a hankali, don in babu zaren duk wahalar nan ta banza ce. Sai ga shi, baƙi, daram a gindi.

Gwaggo Hajo ta leƙo ta ce, “Wane irin ƙulli na kay yi? Na so in hidda shi, ba a binne mutum da baƙin zare. Na yi da ƙumba, na yi da allura, ya ƙiya.”

Na yi wa Baba Nomau addu'a a wurin, a fili, har na gode masa don bayan hannuna da ya sha almakashi.

Likita Haliru ya rubuta gaskiyar abin da ya faru a takardar aikawa, cewa naman ya yi kwana huɗu a ƙasa. Mako bakwai muna jira. Kullum direban nan ya dawo sai in tare shi tun bai kashe mota ba, har ya fara guduna. Da ambulan ɗin sakamakon ya zo Likita ya karanta a tsaye, ya sake karantawa a zaune. Ciwon daji ne, babu shakka. Amma a kai ya tsaya. Wuya lafiya lau, bakin yankan da zare ya nuna fes, bai shiga jijiya ba, ƙwayoyin ba su rikiɗe ba. Likitan gwajin ya ce bayan naman ya ɗan bushe amma cikin ya karantu, ya kuma tambaya wane ne ke ɗaura mana zare.

Aka aika wa Liman ya zo. Likita ya ce masa babu babban aiki, babu jaka. Bai ce ya warke ba. Ya ce haɗarin da ya rage kaɗan ne, bai kai haɗarin aikin kansa ba, amma akwai shi, don haka duk wata uku zai zo a leƙa tabon, in an ga wani abu a tare shi da wuri. Liman ya tambaya cikin tsokana ko yanzu likitoci sun fara sanin gaibu ke nan. Likita ya ce a'a, irin na manomi ne da ya ga hadari ya haɗo daga gabas, ya ce za a yi ruwa, yawanci a yi, wani lokaci iska ta kore. Liman ya ce wannan ilimin ya yarda da shi, tunda mai shi ya san iyakarsa.

Bai taɓa saɓa ranar zuwa ba. Duk wata uku, daga baya duk wata shida, yakan zo ya kwanta wa bututun ƙarfen nan, Likita ya leƙa ya ga farin tabo sumul. Mutanen yankinsu kuma suka fara zuwa da wuri, wasu jinin bai fi wata biyu ba, suna cewa Liman ya ce a zo a leƙa, kuma ya ce a bar kwalba ta je Zariya tukuna. Ni ma na canja. Har na bar aiki ina nuna wa dangi abin da aka ciro, amma kwalbar ba ta barin hannuna, kuma sai na yi bayani kafin in ɗaga ta.

Saura alkawari. Duk zuwan Liman sai ya kawo mini saƙon Gwaggo Hajo, wai a gaida Mai Kwalba a tuna masa. Da na sami hutu na tafi Zariya da kaina. Suka nuna mini yadda suke yi, naman an yanka shi an daskarar cikin kakin zuma, ɗan dunƙule kamar sukari mai ƙwaya, an jera a akwati da lamba. Suka ce ba sa bayarwa, ana ajiyewa ne ko cutar za ta dawo a buƙaci sake dubawa. Na ba su labarin rumbu, suka yi dariya har da riƙe ciki, sannan babbansu ya ce in mutumin ya cika shekara biyar lafiya, likitansa ya rubuto, za su riƙe gilasan da suka shimfiɗa siraran yankan a kai suka duba, su ba ni dunƙulen. Na kai wa Gwaggo wannan amsa. Ta ce ita ba ta da gaggawa, ni ne dai zan tsaya gaban Allah da alkawari a wuya.

Shekara biyar ta cika. Likita ya leƙa, ya ajiye bututu, ya ce wa Liman daga yau sai shekara shekara. Ya rubuta takarda, na koma Zariya, na karɓo. Na sake hawa kabu-kabu daga Zurmi, wannan karon da kaka, ana ta yankan gero.

Gwaggo Hajo ta tsufa, idonta ya kusa tafiya. Na sa mata dunƙulen a tafin hannu. Ta shafa shi, ta juya shi, ta kai hanci. Sannan ta tambaya ina zaren. Na ce sun cire lokacin da za su yanka.

Ta ce, “Da wuƙa ko? Na san ba su kwance shi da hannu.”

Ta naɗe shi cikin farin ƙyalle, ta rarrafa ƙarƙashin rumbun da kanta, ba ta yarda kowa ya taya ta ba. Tana cikin mayar da ƙasa aka kira la'asar. Liman ya yi alwala a bakin zaure, ya gyara rawani, ya shiga gaba. Na bi shi a sahun farko, raka'a huɗu, alwalarsa ɗaya.